Shekarar da Na Ajiye Aska

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Baba ya dawo daga gidan yari da taɓuwa, shi ya sa ya watsar da sana'ar kakanni, ya kuma je ƙofar masallaci ya tona wa gidansu asiri. Ban taɓa musa wa kowa ba, domin maganar da ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma rabin labari kuka sani, shi ma daga bakin waɗanda ba su shiga inda na shiga ba. Yanzu da gwiwa ta yi sanyi, na ga gara ku ji sauran daga wurina tun ina da bakin faɗa.

Kun san mu wanzamai ne tun kaka da kakanni. Yayana Sale shi ke riƙe da sarautar Sarkin Aska a ƙauyenmu, ni kuwa ni ne mai yawo da zabira. Daga nan har cikin Daura babu unguwar da ban yi askin suna ko kaciya ko ƙaho ba, kuma duk Lahadi ina da rumfa a kasuwar Mai'adua. A rumfar nan ne wani mutum ya zo mini da sara a kafaɗa, ya ce sa ne ya soke shi. Na wanke, na sa magani, na ɗaure, ya tafi. Bayan kwana uku 'yan sanda suka zo. Ashe mutumin yana cikin masu satar shanu suna tsallakawa da su ta wajen Kongolam, da ya sha matsa aka ce ya faɗi abokan aikinsa sai ya haɗa da ni, wai ni ne likitansu. Haka aka kai ni gidan yari jiran shari'a. Ba zan kira sunan gidan ba. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi a ciki.

Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, yana da abin ƙirgawa. Mai jiran shari'a ba shi da komai sai bango. Mu fiye da arba'in ne a ɗaki ɗaya, kuma a watannin farko na ga yadda zaman yake cin mutum a hankali kamar gara. Za ka ga an kawo mutum yana surutu, yana rantsuwa gobe ɗan'uwansa zai zo da lauya. Bayan wata uku ya rage magana. Bayan wata shida sai ka yi masa sallama ya dube ka kamar daga ƙasan rijiya yake hango ka. Ni ma na fara jin abin yana taso mini, sai Allah ya kawo mini aiki. Ƙwarƙwata da makero sun addabi ɗakuna, babban jami'in gidan ya ji akwai wanzami a cikin fursunoni, ya ba da izini Yaya Sale ya kawo mini aska guda ɗaya da fatar wasa ta. A ofis ake ajiye ta. Duk Alhamis da hantsi gandiroba zai fito da ita, ya zauna kan benci yana gadi, ni kuma in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke tsakar gidan, mutane su yi layi. Wallahi ranar da na fara riƙe askar nan sai da na ji kamar an mayar mini da sunana.

Babban ɗakinmu a shekaru wani dattijo ne da ake kira Baba Tanimu, mutumin wajen Mashi, tsohon mai koren shanu zuwa kasuwanni. Shekararsa shida yana jiran shari'a a kan wani faɗa da aka yi a bakin rijiya har rai ya salwanta. Hannuwansa sirara kamar kara, cikinsa kuwa ya kumbura ya yi tsini, idanunsa sun yi ɗorawa. Idan ka matsa kusa da shi numfashinsa yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya kwana biyu a ƙasa. Tarbiyyar gidanmu ita ce babba ake fara yi wa aski, saboda haka duk Alhamis da shi nake buɗewa. Fatar kansa ba ta da ƙwari. Ko yaya na lallaɓa sai ta tsage, kuma jininsa ba ya saurin tsayawa. Sai in danna masa toka, in goge askar a tafin hannuna ko a tsumma kamar yadda na ga mahaifina yana yi, in ce na gaba ya matso.

Wajen wata na biyar da fara askin nan Baba Tanimu ya soma wata ɗabi'a. Idan na gama masa ba ya komawa ɗaki. Sai ya je ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa, ya zuba wa tabarmata ido. Duk wanda na gama wa aski ya miƙe yana kakkaɓe wuya, sai dattijon ya gyaɗa kai, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai shaida a wajen ɗaurin aure:

"Ya karɓa."

Da farko dariya ake yi. Wasu har suna tsokanarsa, su ce Baba me na karɓa, a ba ni in gani. Ko murmushi ba ya yi. Ni ban yi dariya ba ko sau ɗaya, domin ni nake ganin idonsa, kuma ba mutanen yake kallo ba, hannuna yake bi da ido. Daga nan sauran abubuwa suka biyo baya. Idan ya miƙa hannu zai karɓi kwano sai hannun ya dinga kaɗawa kamar fiffiken kazar da aka yanka. Yakan wuni a kwance ido buɗe, ƙuda na sauka a kansa bai kora ba, sannan ya tashi zumbur ya hau kiran shanu da sunayensu, yana faɗa wa wata saniya ta daina ratse hanya. Ya fara matsawa gefe a kan tabarmarsa yana barin wuri, idan aka kawo tuwo ya raba biyu ya tura rabi wurin da babu kowa. Da aka tambaye shi na wane ne, ya kira sunan mutumin da ya mutu a bakin rijiyar, ya ce tun safe yake zaune bai ci komai ba. Daga ranar, duk matsin da ake yi a ɗakin nan, babu wanda ya yarda ya kwanta a wannan gurbi.

Wata Alhamis da rana ta take, na gama da mutum na ƙarshe ina wasa askar kafin in miƙa wa gandiroba. Tsakar gidan ta yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Na ɗaga kai na ga dattijon tsaye a kaina, ban ji takunsa ba. Ya kama hannuna na hagu ya buɗe tafin, ya daɗe yana duban 'yan tsage-tsagen da aska ta bar mini, irin waɗanda kowane wanzami yake da su. Sannan ya saki hannun a hankali.

"Kai ma, Wanzam," in ji shi.

'Yan ɗaki suka yanke cewa iskoki ne. Akwai wani mai karatu a cikinmu, ya yi masa ruƙiyya kwana bakwai, babu abin da ya sauya. Ranar da ya nufi babbar ƙofa yana cewa a buɗe masa shanunsa za su sha ruwa, aka kama shi aka kai shi wani ɗan ɗaki a ƙarshen gidan inda ake ware masu taɓin hankali, aka sa masa mari a ƙafa. Ɗakin taga ɗaya gare shi, can sama, kuma ba ta kallon darbejiya. Na yi zaton an huta. Alhamis ta zagayo, na gama wa mutum na farko, ya miƙe, sai ga muryarsa daga tagar nan tana cewa ya karɓa, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji. Na biyu ya miƙe, ta sake fitowa. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Daga baya na yi tunani na ce wataƙila ƙarar aska a kan fata yake ji duk lokacin da na wasa tsakanin kai da kai. Amma a ranar babu wanda ya yi wannan tunani. Layin ya watse, sai da gandiroba ya ɗaga kulki sannan mutane suka dawo.

Ana cikin haka wasu ma'aikatan lafiya suka zo daga waje suna gwada jinin fursunoni. Malamin asibitin gidan, wani mutum mai haƙuri da ake kira Malam Iliya, shi ya dinga kiran mu ɗaya bayan ɗaya bayan sakamako ya fito. Mu goma sha ɗaya aka samu da ciwo cikin 'yan ɗakinmu, har da ni, har da Baba Tanimu. Ya ce mini ciwon hanta ne, nau'in da suke kira C. Ya ce ta jini yake bi, ba ta kofi ko kwano ko musafaha ba, kuma yakan zauna a jikin mutum shekara ashirin bai ce uffan ba yana cin hanta. Game da dattijon ya ce babu wani aljani. Hanta ita ke tace dattin jini, idan ta gaza sai dattin ya hau kai, mutum ya rikice, ya ga abin da babu. Sannan ya tambaye ni aska nawa nake aiki da su, kuma da me nake wanke ta tsakanin mutum da mutum. Na buɗe masa tafin hannuna. Ya duba, ya rubuta wani abu a takarda. Daga ranar ba a sake fito da askar ba.

Ma'aikatan sun bar wa Baba Tanimu wani maganin ruwa mai zaƙi da ke sa mutum zagayawa. Abin mamaki, cikin kwana uku hankalinsa ya dawo tas. Na roƙi Malam Iliya ya bar ni in kai masa abincin rana. Na same shi zaune an cire marin, yana duban ƙafarsa inda ƙarfen ya ci. Ya gane ni, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi mutanen ɗaki. Bai tuna shanu ba, bai tuna rabon tuwo ba. Ya ba ni labari cewa shekaru da yawa da suka wuce motar shanu ta kife da su, aka ƙara masa jini a wani asibiti, daga baya wani likita ya gwada shi ya ce jininsa da ciwo, kada ya ƙara haɗa aska ko abin yankan farce da kowa har ya mutu. Ya ce da ya shigo nan ya faɗa wa wani jami'i, ba a saurare shi ba, daga baya kuma kansa ya fara yin hazo. Sai ya dube ni.

"Ai na gaya maka, ko?"

Na ce bai gaya mini ba.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ni kuwa gani nake duk Alhamis ina gaya maka."

Bai kai wata biyu ba bayan wannan. Wata rana bayan azahar ya yi aman jini, kafin a samo mota ya cika.

Mu da muka rage sai aka ware mana kusurwa. Duk bayanin da Malam Iliya ya yi cewa ba a ɗauka ta kofi, a banza. Aka ba mu namu kofin, aka ɗaura masa tsumma don a gane shi. An ce akwai magani, amma babu wanda ya san ranar zuwansa. A cikinmu akwai Habu, ɗan acaɓa daga Kongolam, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda a da shi ne mai ba ɗaki dariya. Tun da aka gaya masa sakamakonsa ya juya fuska bango. Ya daina cin abinci, ya ce yana jin wani abu yana tauna a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, har yakan kama hannun mutum ya ɗora ya ce a saurara. Malam Iliya ya ce hantarsa lafiyarta ƙalau tukuna, ciwon da ke kansa ya fi na cikinsa, amma ba shi da maganin wannan a kabad ɗinsa. Wata rana da tsakar rana aka same shi a bayan gida ya ɗaura mazagin wandonsa a ƙarfen taga. Allah ya sa an kai da wuri. Aka kai shi ɗakin da Baba Tanimu ya bari. Habu bai taɓa ce mini kai ka jawo mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da za a wuce da shi ya dube ni kawai, ya shafa kansa da gashi ya fara tohowa. Har na fito yana ɗakin nan, kuma har yau ban san yadda ta ƙare da shi ba.

Fitata ba wata dabara. Ranar da aka kai mu kotu ɓarawon nan ya ce bai san ni ba sai ranar da na ɗaure masa rauni, alƙali ya ce in tafi. Na dawo gida kaka ta yi, ana ta ɗaurin gero. Mutane suka yi ta zuwa jaje da barka, ni kuwa ina zaune a zaure ina amsawa da baki, zuciyata tana can gindin darbejiya. Ban gaya wa kowa zancen ciwon ba. Kwana tara da dawowata matar Nasiru ta haihu, jikana na fari, namiji. Kai Nasiru ka tuna ranar sunan. Ka kawo mini jaririn da kanka, Yaya Sale ya miƙo mini zabirata da ya adana, ya ce hannun kaka ya fi albarka. Na zaro aska, na ɗora ta a kan fata zan wasa. Ana ta hayaniya, mata na guɗa a cikin gida, amma ni na ji muryar nan a bayan kunnena, sarai, kamar yana jingine da bangon zauren. Na dubi kan yaron, fatar tana motsi a maɗiga. Na mayar da askar, na miƙa maka ɗanka, na ce a aika kanti a sayo sabuwar reza Yaya ya yi. Ka ɗauka ƙyamar ɗanka na yi. Ka yi wata uku ba ka zauna kusa da ni ba, kuma ban ga laifinka ba.

Washegari na gaya wa mahaifiyarku komai. Tana tankaɗe ne, ba ta daina ba har na gama. Sannan ta tuna mini cewa shekara ashirin da wani abu, duk farkon bazara ni nake yi mata ƙaho a baya, ta ce in kai ta a gwada. Na ce ai a gidan yari na ɗauka, kuma tun da na dawo ƙarfena bai taɓa jikinta ba. Ta ce duk da haka. Muka je asibiti a Daura. Aka samu tana da shi.

A nan ne ƙasa ta zame mini. Duk tsawon lokacin nan, ko ban faɗa da baki ba, a raina na jingina abin ga mamaci: daga jininsa ya fito, askata ta raba. Yanzu ga matar da ba ta taɓa ganin Baba Tanimu ba. Likitan ya ce babu mai iya sanin wa ya ba wa, ta yiwu a wurin wata haihuwa ta samu, ta yiwu a wurina ne, ta yiwu ni na daɗe da shi tun kafin a kama ni, tunda shekara talatin ina goge jinin mutane a hannu mai tsaga. Na tambaye shi, to duk waɗanda na yi wa aski da kaciya da ƙaho fa? Ya ce abin da ya dace su zo a gwada su, domin yanzu akwai ƙwayoyin da ake sha wata uku a rabu da ciwon, amma sai an san yana nan.

Na kai maganar wurin Yaya Sale. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofar zaure. Ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, kakanninmu sun yi aiki da aska ɗaya gari guda ba a ji kowa ya mutu ba. Ya ce daga yau mu koma reza sabuwa ga kowane kai, mu dafa ƙarafa, shi ke nan, wanda ya wuce ya wuce. Na ce waɗanda suke ɗauke da shi ba su sani ba fa? Ya ce ni dai kurkuku ya taɓa mini kai, kowa ya gani ranar suna.

"Usaini, gidan nan ba naka ba ne kai kaɗai," in ji shi. "Idan ka buɗe baki, ba ni da ƙane."

Gwaggonku ta zo ta yi kuka ta ce in dubi 'yan matan gidan da ba su yi aure ba. Matar Yaya ta daina aiko mana da abinci. Ni kuwa a kwanakin nan ba ni da natsuwa. Ina zama a zaure in ga yaro ya wuce, in tuna ni na yi masa kaciya, sai in ji an ce ya karɓa. Dattijo ya wuce da tabon ƙahona a ƙeya, in ji an ce ya karɓa. Na daina fita kasuwa, na daina cin abinci sosai, har na kama kaina ina ɗora hannu a haƙarƙari ina saurare kamar Habu. Mahaifiyarku ce ta yanke maganar. Ta ajiye mini kwano ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ni da na sani ga shi zan sha magani," in ji ta. "Da ka rufe ni kamar yadda ake so ka rufe gari, sai dai ka ga cikina ya kumbura."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci, na nemi izinin liman, na faɗa. Ban ƙawata ba. Na ce an same ni da ciwon hanta mai bin jini, ban san tun yaushe ba, duk wanda ƙarfena ya taɓa shi ko ɗansa ya je a gwada shi, akwai magani, kuma ina neman gafarar kowa. Mutane suka dinga neman takalmansu suna kauce wa idona. Yaya Sale ya bi ta gabana ya wuce kamar ya wuce turke.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Aka daina kiran gidanmu suna, har Yaya da 'ya'yansa da ba su da laifin komai. Kafin shekara ta zagayo sarautar ta koma wani gida. An fasa neman 'yar Yaya ta biyu. Mutane kaɗan ne suka je gwajin, a ɓoye, kuma na san huɗu da aka samu suka sha magani, ɗaya daga cikinsu har ya zo ya yi mini godiya ta bayan gida don kada a gan shi. Muka sayar da bijimin noma ni da mahaifiyarku muka sha ƙwayoyin nan, aka sake gwaji aka ce babu. Muryar ce ba ta tafi da ƙwayar hanta ba. Sai da likitan ya tura ni Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa, na yi wata takwas ina shan nasa maganin, kafin ta yi nisa. Saboda haka idan an ce Baba ya taɓu, gaskiya ne, na taɓu, an kuma yi mini magani. Amma ranar da na tsaya a ƙofar masallaci da hankalina na tsaya. Yaya Sale ya rayu shekara shida bayan haka. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, bai sake kiran sunana ba. Da yana jinyar ajali na shiga na gaishe shi, ya rufe ido har na fita. Wannan shi ne abin da ban warke daga gare shi ba.

Abu ɗaya ya rage wanda ko mahaifiyarku sai daga baya na gaya mata. Bayan na samu sauƙi na hau babur na tafi wajen Mashi neman gidan Baba Tanimu, don in ce wa iyalinsa su ma su je gwaji. Na yi tambaya ƙauye uku kafin a nuna mini. Matarsa tsohuwa ce ƙarama, ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta ja mayafi. Labarin da ya iso musu shi ne ya haukace an ɗaure shi da mari, har jikokinsa ana yi musu gori. Na gaya mata abin da Malam Iliya ya gaya mini, cewa hanta ce, kuma kafin ya rasu hankalinsa ya dawo, mun yi hira, ya yi salla a zaune. Ta ce in maimaita a gaban ɗanta. Aka kira shi daga gona na maimaita.

Sannan ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai aska naɗe da ƙyalle, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo. Ta ce tun da likita ya yi masa magana ya saye ta, shi yake yi wa kansa aski a bayan ɗaki, ko ɗansa bai yarda ya taɓa ta ba. Ta ce zuwanta na farko ganinsa a gidan yari, abin da ya fara roƙonta ke nan, ta kawo masa askarsa.

"Sau biyu na kai ta har ƙofa," in ji ta. "Aka ce ba a shiga da ƙarfe."

Ta miƙo mini, ta ce tunda ni mai sana'ar ne ko zan yi amfani da ita. Na ce mata na daina. Ta gyaɗa kai, ta naɗe ta a ƙyallen yadda take, ta rufe gwangwanin, ta ce wa ɗanta ya kawo wa baƙo ruwa.